Neman shawara: minsharin maigidana da takardar gwajin jinin da ta hana mu sukuni

Admin: Wata 'yar uwa daga Gombe ta turo wannan, ta ce a sakaya sunanta. Masu sani a taimaka.

Assalamu alaikum 'yan gida, dan Allah masu aikin asibiti ku taimaka min, kaina ya kulle. Maigidana direba ne, Gombe zuwa Bauchi yake yi wani lokacin har Jos, shekararsa 52. Yana da hawan jini shekara shida kenan, bara kuma aka ce suga ya shigo. Magani kala uku yake sha na hawan jinin kuma wlh yana sha don ni nake ɓallo masa bayan asuba, amma duk ranar da aka auna sai a ga 160 bisa 100 ko kusa da haka. Satin da ya wuce likita ya rubuta masa gwaje-gwaje muka je wani lab muka yi, kuɗin kam ba a magana. Da takarda ta fito akwai wani HbA1c an rubuta 7.9, sai wani hs-CRP 6.2 an zagaye shi da jan biro. Yaron da ya miƙo mana ya ce wai jininsa akwai kumburi, wai alamar zuciya ce. Tun ranar bawan Allah nan ko tuwo baya iya gamawa, ga ranar komawa wajen likita sai nan da sati uku.

To ni abin da ya fi tsaya min a rai ma ba takardar ba ce, barcinsa ne. Minshari yake kamar an ta da injin markaɗe, wannan kam na saba shekara ashirin, amma yanzu sai yana cikin yi ya yi ɗif, ƙirjin na motsi amma babu iskar da ke fita, ranar nan na kunna fitilar waya na ƙirga har 25 kafin ya zabura ya ja numfashi kamar wanda aka shaƙe, ya juya ya ci gaba. Da safe in na faɗa masa sai ya ce sharri nake masa. Fitsari sau huɗu a dare, ya tashi da ciwon kai baki a bushe, ana hira yana gyangyaɗi, ko huɗubar Juma'a ɗanmu ya ce sai ya riƙa taɓa shi. Sannan karen motarsa ya tsegunta wa ɗan nawa cewa wajen Alkaleri motar ta taɓa sauka daga kwalta da rana tsaka, Allah ne ya tsare.

Hajiyarsa ta ce dannau ne ko kuma beli ne ya yi tsawo. Abokinsa na tasha ya kawo masa maganin wankin jini a jarka wai shi ke sauke kumburin. Ya sha ko kar ya sha? Kuma 6.2 ɗin nan yana nufin zuciyar ta taɓu ne?

Maman Ilham: Allah ya ba shi lafiya. Ni dai minshari ban ɗauke shi ciwo ba, nawa ma haka yake, gajiyar hanya ce kawai.

Baban Sadik: Hajiya ta yi gaskiya, beli ne. Ƙanena haka ya yi ta fama, wanzami ya cire masa minti biyar an gama. Ki bar kashe kuɗi a lab.

Anti Nas: Baban Sadik dan girman Allah a'a. Mutum mai suga da hawan jini 160 za a sa wa aska a maƙogwaro? Jinin zai iya ƙin tsayawa, ciwon mai suga kuma ba ya saurin warkewa, mun sha karɓar irinsu da daddare. 'Yar uwa abin da kika kwatanta ba dannau ba ne, dannau mutum idonsa biyu ya kasa motsi ne kuma yana tunawa da safe. Wannan sunansa ɗaukewar numfashi a barci. In barci ya yi nauyi naman maƙogwaro da gindin harshe sai su saki su toshe hanyar iska, musamman ga mai ƙiba da kaurin wuya, iskar da ke jini ta sauka, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na daƙiƙa biyu ko uku ya ja numfashi ya koma, shi ya sa shi bai san yana yi ba, ba musu yake miki da gangan ba. Daga daƙiƙa 10 ake fara lissafa shi a matsayin ɗaukewa, ke kin ƙirga 25. Wani sai ya yi sau talatin ko fiye a awa ɗaya. Tambayata ɗaya, kin taɓa faɗa wa likitansa wannan?

Mai tambaya: Wlh Anti ban taɓa ba. Ni bana shiga ɗakin likitan ma, a benci nake jiransa, shi kuma na san ba zai faɗa ba.

Ɗan Jekadafari: Ni aikin lab nake, bari in yi magana kan takardar. Da farko wanda ya ce muku alamar zuciya ce bai kyauta ba, ba aikinsa ba ne ya fassara. CRP wani sinadari ne da hanta ke fitarwa duk lokacin da jiki ke faɗa da wani abu, shi bai san ko menene ba, maleriya tana ɗaga shi, taifot, mura mai zafi, maruru, ruɓaɓɓen haƙori, har kitsen tumbi ma yana ɗaga shi kaɗan kaɗan kullum. Kamar hayaƙi ne, ya nuna akwai wuta amma bai nuna gidan wa ba. Wanda ake sa wa hs a gaba shi ne mai gano ɗan ƙanƙani, kuma yadda ake karanta shi don zuciya: ƙasa da 1 haɗari kaɗan, 1 zuwa 3 tsaka-tsaki, sama da 3 ya hau. In ya wuce 10 ma ba a maganar zuciya tukun, cuta ake nema. Kuma ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, ana maimaitawa bayan kamar sati biyu lokacin da mutum yake garau. Ya yi zazzaɓi kwanan nan?

Shi HbA1c ɗin shi ne mara ƙarya, yana nuna yadda suga ya zauna a jini wata biyu zuwa uku da suka wuce, saboda jajayen ƙwayoyin jini kusan kwana 120 suke rayuwa suga kuma na manne musu. Daga 6.5 ake cewa suga ne, yawancin masu shan magani ana so su tsaya ƙasa da 7. Nasa 7.9 ya hau amma ba na tashin hankali ba ne. In yana da AS ko ƙarancin jini a faɗa wa likita don wasu injinan suna rikicewa da shi.

Mai tambaya: Ikon Allah. Eh ya yi maleriya kamar kwana goma kafin gwajin har allura aka yi masa. Kuma akwai haƙorinsa na turmi da ya daɗe yana damunsa, kanumfari yake cusawa.

Ɗan Jekadafari: To kin gani. A cire ko a gyara haƙorin nan, a sake gwajin. Jarkar kuma a ajiye ta, babu wanda ya san me ke ciki, mai suga da hawan jini ƙodarsa ce abin lallaɓawa.

Likitan gida: Na karanta duka, Anti Nas da ɗan'uwa na lab sun gama magana, ƙari zan yi don ki ga yadda abubuwa ukun nan, barcin da hawan jinin da sugan, suke haɗe. Duk zaburar da yake yi da dare jikinsa yana sakin sinadaran firgici irin wanda ke fita in mota ta taso maka, jini ya hau, bugun zuciya ya ƙaru, hanta ta zubo suga. A mai lafiya hawan jini yana sauka da dare jijiyoyi su huta, shi nasa ba ya samun wannan hutun. Shi ya sa in muka ga mutum yana shan magani kala uku jini ya ƙi sauka, cikin abubuwan farko da muke zargi akwai wannan ciwon. Fitsarin daren ma ba lallai suga ne kaɗai ba, kokawar da ƙirji ke yi da toshewar tana sa zuciya ta saki wani sinadari mai sa ƙoda ta zubar da ruwa.

Maganar barci da suga an gwada ta tun 1999 a Jami'ar Chicago, aka ɗauki samari 11 lafiyayyu aka bar su suna barcin awa huɗu kacal har dare shida, jikinsu ya koma yana jinkirin sarrafa suga kamar na tsofaffi. Samari fa, kwana shida. Maganar kumburi da zuciya kuma gaskiya ce ba camfi ba, a 2017 an fitar da wani babban bincike mai suna CANTOS a kan mutum sama da dubu goma da suka taɓa samun bugun zuciya kuma CRP ɗinsu ya hau, aka ba su allurar rage kumburi wadda ba ta taɓa kolestarol, matsalar zuciya ta ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari. Amma lura, su sun riga sun kamu ne, kuma allurar ta ƙara musu haɗarin kamuwa da cututtuka masu kisa. Babu likitan da zai ga 6.2 bayan maleriya ya ce zuciya ta taɓu, zuciya da ECG (gwajin da ake liƙa wayoyi a ƙirji) da hoton zuciya ake dubata.

Ki yi abu biyu. Ki ɗauki bidiyonsa yana barci minti biyu ko uku da sauti. Sannan akwai tambayoyi takwas da muke yi, STOP-BANG ake kiransu: minshari mai ƙarfi, gajiyar rana, an ga numfashi na ɗaukewa, hawan jini, ƙiba sosai, shekara sama da 50, wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Wanda ya ci biyar yana sahun gaba. Ki lissafa da kanki. Kuma kar ku jira sati ukun, ku koma ku ce ga abin da ya faru a hanyar Alkaleri, ko ku nemi a tura ku asibitin koyarwa na tarayya a nan Gombe wajen likitocin zuciya ko na ƙirji.

Mai tambaya: Likita ni tela ce, tef yana rataye a wuyana yanzu haka. Ai ni nake auna wuyan rigarsa, inci 17 da rabi ne, na juya tef ɗin ya ba ni 44. Na lissafa bakwai, ƙibar ce kawai ban san yadda ake aunawa ba amma kilo 104 ne. Innalillahi.

Tsohon direba: Ƙanwata bari in faɗa miki abin da ba zai faɗa miki ba. Ya sani. Duk direban da barci ke fizga ya sani, tsoro yake kar maganar ta fita tasha a daina ba shi lodi ko mai mota ya karɓe makulli. Ni shekara 19 na yi a hanyar Gombe zuwa Yola, goro a kumatu, Nescafe biyu a kofi ɗaya wajen mai shayi, in sauke gilas iska ta doke ni, in wanke fuska a Kaltungo, duk na yi, kuma duk da haka sai ka farka ka ga ka wuce gari guda ba ka san ka wuce ba. Kar ki tunkare shi da cewa zai kashe mutane, zuciya zai yi. Ki nuna masa bidiyon ku biyu a ɗaki, kar yara su gani. In yana da babban yaro mai lasisi ya riƙa karɓarsa kafin a ga likita. Kuma in wani ɗan tasha ya ba shi ƙwayar barci ko tiramol kar ya karɓa.

Anti Nas: Wannan na ƙarshen a ja masa layi. Maganin barci irin su diazepam da kodin suna ƙara sakin maƙogwaron kuma su hana ƙwaƙwalwa tashinsa da wuri. Kafin nan ya riƙa kwanciya ta gefe ba rigingine ba, wasu har ƙwallo suke ɗinkewa a bayan rigar barci, ke da kike tela ma abin ya zo da sauƙi.

Ummu Hanan: Babanmu yana amfani da injin nan CPAP shekara biyu, abin rufe hanci ne da tiyo yana hura iska a hankali don hanyar kar ta rufe. Satin farko cirewa yake yana jifa, yanzu ko Kumo zai je kwana ɗaya sai ya sa shi a jaka. Matsalar tsada da wuta, sai da muka haɗa masa ƙaramar sola da batir. Amma gyangyaɗin ya tafi gaba ɗaya.

Likitan gida: Haka ne, injin tun 1980 wani likita a Ostareliya, Colin Sullivan, ya ƙirƙiro shi, kuma wajen kawar da barcin rana babu kamarsa, yana ɗan sauke hawan jini ma. Sai dai kar a ce ya maye gurbin magani, a 2016 wani bincike mai suna SAVE a kan mutum kusan 2,700 masu ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki bai nuna injin ya rage bugun zuciya ba, ko da yake yawancinsu awa uku da 'yan mintuna kawai suke sa shi a dare. Don haka ƙwayoyinsa suna nan, rage tumbi yana nan, in ya sauke ko kilo goma za ki ji bambanci a minsharin da kunnenki.

Baban Sadik: To Allah ya ba da haƙuri, ni dai abin da na gani na faɗa. Amma Hajiya fa wa zai faɗa mata ba beli ba ne?

Maman Ilham: Ni yanzu tsoro ya kama ni, yau zan saurari nawa.

Mai tambaya: 'Yan gida na dawo. Daren jiya na ɗauka, minti huɗu, sau biyar ya ɗauke a ciki. Bayan ya karya na rufe ƙofa na miƙa masa wayar ban ce komai ba. Ya kalla har ƙarshe ya sake mayarwa farko, sai cewa ya yi wannan ni ne? Yau bai fita lodi ba, ya kira ƙaninsa ya ɗauki motar. Gobe Talata za mu asibiti kuma ya ce in shigo ɗakin likitan da wayar. Hajiya kam na bar masa, uwarsa ce. Jarkar tana bayan ƙofa bai ce a zubar ba, ni ma ban taɓa ta ba.