Sunan Zalman na Yahudawan Rasha: shi ne Salmanu?

Ɗan Argungu: Malamai, sunan Zalman da Yahudawan Rasha ke sa wa 'ya'yansu, shi ne Salmanu namu, ko wani ne daban? Daga ina ya fito?

Malam Na-Gusau: Ɗan'uwa, Sulaimanu ne, ba Salmanu ba. Asalinsa Shlomo a Ibrananci, daga tushen da ya ba da "shalom", wato zaman lafiya. Yahudawan Jamus suka ɗauki Salomon, yadda ake faɗin sunan a Turai, suka gajarta shi, kuma a Jamusanci S na farkon kalma kan fita kamar Z. Da suka yi ƙaura gabas zuwa Polan da Lituweniya, suka tafi da shi cikin harshensu na Yiddish. Shi ya sa ake yawan haɗa su, Shlomo Zalman: na farko na wurin ibada, na biyu na kiran yau da gobe.

Hajiya 'Yar Yawuri: Malam ya faɗi daidai. In kana bin tsofaffin takardu, yi hattara: mutum ɗaya kan fito Zalman, Zalmen ko Zelman, wani magatakardan Rasha kuma ya rubuta Solomon. A rubutun Rasha, ɗan Zalman Zalmanovich ne, 'yarsa Zalmanovna. Bayan dokar Rasha ta 1804 da ta wajabta wa Yahudawa sunan iyali, aka samu Zalmanov da Zalmanson. Kuma mamaci suke yi wa takwara, ba mai rai ba, don haka sunan kan tsallake uba ya koma kan jika.

Malam Na-Gusau: Fitattun masu sunan akwai Shneur Zalman na garin Liadi, wanda ya kafa ɗariƙar Yahudawa ta Chabad, ya rasu 1812, da Zalman Shazar, shugaban Isra'ila daga 1963 zuwa 1973.