Wasa kan matan Kanada lokacin Yaƙin Duniya na Biyu: me ake yawan kuskurewa?

Mai_Labule: Salamu alaikum. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu a Ontariyo na shirya wasa kan matan da suka riƙe gida da masana'anta a 1942. 'Yan wasa shida, dandamali ƙarami, kuɗi ba yawa. Waɗanne kaya ne dole, kuma ina masu kallo ke kama kuskure?

Baba_Tsoho: Wa alaikumus salam. Ku fara da tuta, can aka fi faɗuwa. Tutar Kanada ta yanzu mai hoton ganye ta zo ne a 1965, don haka Red Ensign, wato jar tutar da Kanada ke amfani da ita a da, ko tutar Birtaniya za ku rataya, da hoton Sarki George na Shida. Sai ku tsayar da watan da labarin ke faruwa, domin ba rana ɗaya aka ƙayyade abinci ba. Sukari aka fara, shayi da kofi suka shiga takardar kaso a Agustan 1942, bota a Disamba, nama sai Mayun 1943. In uwa tana kukan kason nama a bazarar 1942, dattijuwar da ke layin gaba za ta gane. Sukari rabin laba ne ga mutum ɗaya a mako. Ku auna shi a kwalba, a ɗora kan tebur, ganin ƙanƙantarsa ya fi dogon jawabi.

Hajiya_Tela: Malam Mai_Labule, in za ku nuna masana'antar cika harsasai irin GECO ta Scarborough ko DIL ta Ajax, kada a ga ƙarfe ko ɗaya a jikin mace. Ba fil ɗin gashi, ba ashana, saboda tartsatsi kaɗan ya isa ya tayar da albarushi. Farar rigar aiki da ɗankwali da ya rufe gashi duka. Wurin canza kayan nan ma fitowa ce mai kyau: mai bincike na lalube gashi, wata ta manta da fil.

Littafin kaso kuwa, ku buga a takarda mai ɗan kauri, ku bi layukan da keken ɗinki ba zare, zai yage tsaf. A tanadi ɗaya don kowane dare, da biyu na gwaji. Safar siliki ta yi wuya a lokacin, mata na zana layi a bayan ƙafa da fensirin gira. A bari ya bushe kafin a zauna, in ba haka ba zai ɓata kujera. Safar da ake saƙa wa sojoji a shirya ta kashi uku, farko, rabi da gamammiya, a riƙa musanyawa bayan labule.

Injiniya_Sauti: Ƙari kan na Hajiya. Ku sa lasifikar cikin akwatin rediyon kansa, in murya ta fito daga rufi an rasa masu kallo. Rediyon wancan zamani sai ya ɗau zafi, don haka bayan an murɗa a jira kamar daƙiƙa goma, a shigo da muryar a hankali. In labarin ya kai harin Dieppe a Faransa na 19 ga Agusta 1942, inda 'yan Kanada sama da 900 suka mutu, ku tuna sanarwar rediyo daban, tangarahon da ke kawo labarin soja gida daban, akwai kwanaki tsakani. Kada a haɗa su a fitowa ɗaya. Ƙwanƙwasar ɗan aike kuma a yi ta da hannu a ƙofar katako ta gaske, wadda aka naɗa ba ta da nauyi a kunne.