Sojan da Ke Bakin Daga da Rediyon 'Yan Sha'awa

Injiniya: Ra'ayina bai sauya ba. Sojan da ke bakin aiki ba shi da hurumin buɗe tashar rediyo irin ta 'yan sha'awa, wato masu aika saƙon rediyo don sha'awarsu ba don sana'a ba, yana hira da mutanen da bai taɓa gani ba. Duk mai akwatin gajeren zango zai ji shi, abokan gaba kuma suna da na'urar gano inda murya ke fitowa. Amurka da kanta ta rufe tashoshin 'yan sha'awa a 1917, ta sake rufewa a Disamban 1941 bayan harin Pearl Harbor. Ingila kuwa a 1939 har na'urorin aika saƙon ta kwashe daga hannunsu.

Mai gyaran rediyo: Injiniya, ka kawo rabi ka bar rabi. Ingilar da ka ambata ita ce ta koma ta nemi waɗannan mutane, suna zaune a gidajensu suna sauraron saƙonnin Mos, wato haruffan da ake aikawa da gajeren sauti da dogo, na 'yan leƙen asirin Jamus suna rubutawa. Sojan Amurka kuma tun 1925 ya haɗa kai da 'yan sha'awa, a 1948 tsarin ya zama MARS, wato tsarin rediyon 'yan sha'awa masu taimaka wa soja. A yaƙin Biyetnam da shi sojoji suka riƙa jin muryar iyalansu.

Malama: Malam, ta yaya? Lokacin ai ba wayar hannu.

Mai gyaran rediyo: Soja zai je tashar da ke barikinsu ya bi layi. Mai kula da tashar, wanda sau da yawa shi ma soja ne mai lasisin 'yan sha'awa, zai kira wani ɗan sa-kai a Amurka ta gajeren zango. Shi kuma sai ya buga wayar gidan sojan ya jona ta da rediyonsa. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, in ya gama sai ya ce "oba" a juya maɓalli, kamar dai oba-obar da muka sani. 'Yan mintoci ake ba kowa. Sanata Barry Goldwater na Arizona, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa a 1964, ɗan sha'awa ne mai lambar kira K7UGA, kuma tashar gidansa ta haɗa dubban irin wannan kira.

Injiniya: To ai ka ƙarfafa maganata. MARS a kan mitocin soja take aiki, da izinin hafsoshi, kuma an hana faɗin inda ake ko inda za a nufa. Wannan aikin runduna ne. Ni kurtun da zai ɗaura eriya a bayan tanti don nishaɗinsa nake magana a kai.

Tsohon soja: Ɗana, ban ƙi taka ba, doka ita ce ran soja. Amma kalmar nishaɗi ta tsaya mini a rai. Na yi wata da watanni a wajen aiki, wasiƙa ce kawai tsakanina da gida. An yi mini haihuwa, sai bayan suna da makonni labari ya iso ni. Da a ce akwai wanda zai haɗa ni da uwargida na minti uku, wallahi da tsayuwata a gadi ma ta fi nutsuwa. Mutumin da hankalinsa ke gida, bindigar hannunsa ba ta da amfani.

Malama: Allah Ya saka, Baba. Injiniya, yau ma haɗarin ya fi yawa a aljihu. A 2018 taswirar manhajar Strava ta tona wuraren sansanonin soja, saboda sojoji suna gudun motsa jiki da na'urorinsu a kunne. Shi mai rediyo aƙalla ya san kowa na jin sa.

Injiniya: Baba, a gafarce ni, na janye kalmar nishaɗi. Amma in ba sa hannun kwamanda, ina nan kan bakana.

Tsohon soja: A kan izini ba mu da saɓani. Roƙona ga kwamandan shi ne, in yaransa sun nema, kada ya hana.