Takarda ko Gogewa: Wa Ke Riƙe Jari?

Ɗan Alƙalami:
Salamu alaikum. Jiya wani ya ce da ni karatun kasuwanci ɓata lokaci ne. Na kwana da maganar, ga abin da na tashi da shi. Amsa-amo, wato sautin da kowane baiti zai ƙare da shi, "wa" ne, mai shiga ya kiyaye.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
In yi kira ga masu ilimi,
Wanda ya ƙi shi ya faɗa rami,
Ko da ya tsufa cikin kasuwa.

A Benis Luca Pacioli ya zana
Hanyar da mai jari zai auna,
Shiga da fita, bashi da amana,
Shafi biyu ne, babu ruɗewa.

Pacioli masanin lissafi ne ɗan Italiya, Benis kuma birni ne a can. Littafin nasa ya fito tun 1494, har yau da tsarin akantoci ke aiki.

Tsohon Hannu:
Sannu ɗana. Da bakinka ka kawo shaidata.

Yaro, ka kira Pacioli da kanka,
Sai ga shi ya tona asirinka,
Wurin fatake ya kwaso darasinka,
Su ke yi, shi ko rubutawa.

Na ga mai digiri ya kama shago,
Ya rataya shaidarsa jikin bango,
Mai saye ya shigo ya tarar da rago,
Bai iya ko da gaisawa.

Gimbiyar Lissafi:
Baba, a yi min afuwa, zan shiga tsakani, don abin a jikina ya faru.

Na yi shekara bakwai ina ciniki,
Kuɗi na shiga, ina farin ciki,
Ashe uwar kuɗin nake yi wa miki,
Ina ce riba ce ke ƙaruwa.

Ran da na zauna gaban malama,
Ta ce: rubuta duk bashin da ya kama,
Na tara, hannuna ya hau kyarma,
Rabin jarina ba mai dawowa.

Aljihu ɗaya nake zuba kuɗin gida da na sana'a, Baba. Gogewar shekara bakwai ba ta taɓa nuna min haka ba, wata shida a aji suka nuna min. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, cewa ta yi a rubuta bashi.

Mai Tafi:
Allahu Akbar! Gimbiya ta rufe taro. Baba a naɗe tabarma haka nan.

Na Hannun Daman Baba:
Wane taro ta rufe? Baitin "shago da bango" kaɗai ya fi duk abin da aka zuba yau. Ku dai 'yan boko ba kwa tafa wa kowa sai naku.

Ɗan Gareji:
Ga tawa gudummawar.

Bill Gates ya bar Harvard a 1975 ya kafa Microsoft,
Steve Jobs ya bar kwaleji bai ko waiwaya ba,
Zuckerberg ma ya bar aji ya rungumi Facebook,
To ina amfanin digirin da kuke yabawa?

Malam Aruli:
Subhanallah. Karanta ɗangon farko, wato layin farko, da baki, ka faɗi shekarar a cike, ka ji inda numfashi zai yanke. Ƙaramin amsa-amo kuma, wato dacewar ƙarshen ɗango ukun farko, ina yake?

Ɗan Gareji, baitinka na ɗingishi,
Ɗangon farko ya ƙare da nishi,
Kari ya karye, ba mai ɗaga shi,
Koma aji ka koyi aunawa.

Ɗan Gareji:
Malam, ni da kunne na koya,
Ban biya wa kowa kuɗin riƙon ƙarya,
Kai mai awo, ina taka waƙar ta ɓuya?
Kullum gyara, ba ka ƙirƙirawa.

Malam Aruli:
"Koya" da "ƙarya" da "ɓuya" sun zauna, na yarda. Amma ɗango na biyu ya fi 'yan uwansa nauyi. Gimbiya ma ba ta tsira ba: "Ta ce: rubuta duk bashin da ya kama" ya zarce ma'auni.

Mai Tafi:
A'a Malam, kar ka taɓa Gimbiya! Maganar malamarta ta kawo yadda take, so kake ta yanke gaskiya don kari?

Na Hannun Daman Baba:
Malam Aruli, tambaya ɗaya. Halilu ɗan Ahmad na Basra da ya fitar da karuruwan nan na auna waƙa, a ina ya samo su? Ba daga waƙoƙin da Larabawa suka riga shi rerawa ba? Mawaƙi ya riga ma'auni, kamar yadda falke ya riga Pacioli.

Malam Aruli:
Ya riga shi, haka ne. Amma da Halilu bai tsara ba, da me za ka gane inda baiti ya karye? Kunne na jin akwai ciwo, ma'auni ke nuna gurbinsa.

Ɗan Alƙalami:
Kwana biyu ba na nan, na dawo na tarar an bar jari an koma ƙirgen gaɓa. Ɗan Gareji, taka amsar.

Ka lissafa uku da suka tsallake,
Ina dubban da ruwa ya shanye a ɓoye suke?
Ba a hira da wanda ya karye ya farke,
Mai nasara kaɗai ake nunawa.

Phil Knight a Stanford ya yi nazari,
Kan takalman Japan ya tsara shiri,
Takardar aji ce ta zamo jari,
Nike ke nan da kake sakawa.

Tsohon Hannu:
Ɗana, Knight ɗin nan daga bayan motarsa ya riƙa sayar da takalman, yana bin filayen tsere. A can ya san ƙafar mutane. Ga kuma naka, Skilling da ya shugabanci Enron, kamfanin makamashi na Amurka:

Skilling na Enron ɗan Harvard ne,
Lissafi a wurinsa kamar wasa ne,
2001 kamfanin ya zube, gaskiya ne,
Ilimi ba amana, wuta ce mai cinyewa.

Amma Gimbiya, maganarki ta hana ni barci, ba zan ɓoye ba. Shekara arba'in duk bashin da nake bi a kaina yake. Bara na kwanta jinya wata biyu, yarana suka rasa wa ake bi, wa ke binmu. Wasu suka kawo da kansu, Allah ya saka musu. Wasu har yau shiru.

'Yata, ban sauka daga kan batuna,
Fuskar mai saye ita ce littafina,
Amma tsufa ya fara taɓa idanuna,
Nuna min yadda ake shatawa.

Gimbiyar Lissafi:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Sami littafi mai kauri, kowane mai karɓar kaya da shafinsa.

Layi biyar za ka ja a shafi,
Rana, da kaya, da kuɗinsu a gefi,
Abin da ya biya, sai saura a ƙarshen lissafi,
Ya sa hannu kafin ya juya da tafiyawa.

Kuma a rubuta a take, Baba, kar a bari sai dare.

Malam Aruli:
"Tafiyawa" an jawo ta da ƙarfi, Gimbiya. Sa "kafin rabuwa", ɗangon zai zauna.

Ɗan Gareji:
Malam, ban manta da kai ba. Na kwana uku ina auna wannan, ƙirga ka gani:

Na zo da baiti mai ƙafa huɗu,
Ko wane ɗango da ɗan'uwa sun haɗu,
In ka ga aibi, faɗa mu ji, mu gamu mu haɗu,
In babu, ina jiran jinjinawa.