Shin mai kai hari a padel sai da daimon?

Nazifi: Assalamu alaikum jama'a. Yayana zai taso daga Dubai ƙarshen wata, ya ce in faɗi raket ɗin da nake so ya riƙo min. Shekara biyu ke nan ina buga gefen hagu a padel, wasan nan mai kama da tanis da ake yi biyu-biyu a fili mai bangon gilashi, kuma kun san wasana, da ƙwallo ta tashi sama kashe ta nake nema. Jiya da muka tashi wasa a Ikoyi, Alhaji Kabiru ya ce min, "Duk mai kai harin da ya amsa sunansa raket mai siffar daimon yake riƙewa, mai nauyin kai, mai tauri. Sauran na masu tsaron baya ne." Maganar nan da ita na kwana. Kafin bawan Allah ya kashe kuɗinsa, ku ba ni shawara.

Alhaji Kabiru: Wa'alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Nazifi, ɗauki gatari ka duba. Nauyinsa a kai yake, shi ya sa yake fasa itace. Ka mayar da nauyin nan kusa da ƙota ka ga ko zai fasa ko da kara. Haka raket yake. Daimon faɗinsa can sama yake, cibiyarsa, wato wurin da ƙwallo ta fi fita da ƙarfi, ita ma ta matsa sama, daidai inda kake haɗuwa da ƙwallo in ka miƙe hannu za ka sauke simash, wato dukan kashewa daga sama. Galán da Lebrón sun riƙe lamba ɗaya a duniya daga 2020 har 2022. Me ke hannunsu? Galán Metalbone na Adidas, Lebrón Viper na Babolat. Paquito Navarro ma Hack na Bullpadel. Duk daimon. Mutanen nan da wasan suke ci suke sha, ba za su zaɓi abin da zai rage musu ƙarfi ba.

Sadik: Ranka ya daɗe, ka tsallake mutum ɗaya. Wa ya karɓe lamba ɗaya daga hannun su Galán a 2023? Tapia da Coello. Kuma raket AT10 na kamfanin Nox da aka fi sanin Tapia da shi mai siffar ɗigon ruwa ne, nauyinsa tsaka-tsaki. A duniyar nan akwai wanda zai ce Tapia ba mai kai hari ba ne? Gefen hagu yake bugawa kamar Nazifi, kuma daga kusan bayan layi yake fitar da ƙwallo waje.

Alhaji Kabiru: Tapia baiwa ce Allah ya yi masa a wuyan hannu. Ba a kafa doka da mutum ɗaya.

Sadik: To ai Galán ma baiwar ce, Alhaji. In ba za a auna mu da Tapia ba, kada a auna mu da Galán.

Usman Obalende: Nazifi, saurare ni, don abin da kake shirin yi na riga ka yi. Bara na sayi daimon mai tauri, giram 375, a wani shago a nan Legas. Mai shagon cewa ya yi shi ne ƙwararru ke riƙewa, bai tambaye ni ko sau nawa nake wasa a mako ba. Makon farko na ji daɗinsa ƙwarai, ƙarar da yake yi kaɗai ta isa ta sa ka ji kai ma wani ne. A wata na biyu gwiwar hannuna ta waje ta fara zafi. Na daure. Ranar da na san abin ya yi nisa, da asuba na kai hannu zan ɗaga buta cike da ruwa, sai ji na yi kamar an soka min allura, butar ta suɓuce ta faɗi. Wata uku ban taka fili ba, ina kallon ku daga bayan gilashi. Ban ce raket ɗin ba shi da kyau ba. Hannuna ne bai kai shi ba, kuma babu wanda ya faɗa min.

Dakta Zainab: Allah ya ƙara lafiya, Malam Usman. Irin ciwon nan ina ganinsa a wurin aiki, kuma ba duka laifin raket ba ne: akwai riƙo da ƙarfi fiye da kima, akwai bugu a makare, akwai shiga wasa ba a motsa jiki ba. Amma raket yana da nasa kason. Jijiyoyin da ke ɗaga wuyan hannu duk a ƙashin nan na wajen gwiwar hannu suke haɗuwa. Duk sanda ƙwallo ta kauce wa cibiya, raket yakan nemi murɗewa, su ne ke tare shi. Daimon cibiyarsa ƙarama ce, ga tauri, girgizar kai tsaye take shiga hannu. Alhaji, waɗanda ka lissafa suna da masu horar da jikinsu da masu gasa musu hannu bayan kowane wasa. Namu mutanen daga kanti ko ofis suke tasowa, su kwashe awa biyu a cunkoson gadar Third Mainland, su fito daga mota su shiga fili.

Alhaji Kabiru: Dakta, na ji, kuma ban raina ciwon Usman ba. Amma Nazifi mai kai hari ne da ya ƙware, ba sabon shiga ba. Ga kuma abin da ba ku lura da shi ba. Cikin raket roba ce, EVA. Zafi yana sa ta laushi. Raket ɗin da ake kira tsaka-tsaki a sanyin Turai, in ya zo Legas a watan Maris ya zama katifa. Ka sauke masa simash da dukkan ƙarfinka, robar ta lotsa ta shanye dukan. Mai laushi yana taimakonka ne a ƙwallon da ta zo a hankali, shi ke turo maka ita. A duka mai ƙarfi kuwa mai tauri ne ke mayar maka da abin da ka zuba. Na shekara ashirin ina buga tanis kafin in dawo nan, hannuna ya san bambancin.

Malam Bashir: A maganar zafi da roba Alhaji ya yi gaskiya, ba gardama. Amma Legas ɗin da ta ba shi hujja ita ce kuma ta ƙwace masa rabinta. Madrid tana kan tudu, sama da mita 600 daga teku, ga bushewa. Ƙwallo a can tashi take. Mu a bakin teku muke. Da yamma in laima ta sauka, gashin ƙwallo yakan sha danshi ta yi nauyi, gilashi ya yi gumi. Ka sauke simash kana jiran ta daki gilashin baya ta dawo gefenka, ko ta tsallake bangon gefe mai mita 3 ta fita, sai ka ga ta tsaya a tsakiyar fili daidai ƙirjin abokin karawa, shi kuma ya ajiye maka ita inda ba ka nan. Duk wanda ya buga a Lekki bayan Magariba cikin damina ya san abin da nake faɗa.

Sannan ku ƙirga da kanku. Cikin set ɗaya, ƙwallo nawa ce ke zuwa maka gajera, a gaban raga, wadda za ka kashe da duka ɗaya? Kuma nawa ce ake cilla maka can baya, dole ka ja da baya ka yi bandeja ko víbora, wato dukan sama na yanka da bai kai simash ƙarfi ba, don kada ka rasa matsayinka a gaban raga? Nawa ce ake harbo maka a jiki kana gaban raga, dole raket ya juya cikin ƙiftawar ido? Nawa ce ke fitowa daga gilashi ƙasa-ƙasa a lungu? Ina horar da yara da manya, kuma abin da na fi gani ga masu nauyin kai shi ne makara. A set na farko raket na zuwa a kan kari. A na uku, gumi ya jiƙa mariƙi, kafaɗa ta gaji, kan raket ya fara faɗuwa, víbora ta koma raga. Ƙarfin duka ba nauyi kaɗai ba ne, har da saurin da ka iya kaɗa shi. Gatarin da ba ka iya ɗagawa da sauri ba, ƙaramin gatari ya fi shi cin itace.

Nazifi, kai na san wasanka. Kafaɗarka tana da ƙarfi, ba na tsoron daimon a hannunka. Abin da nake tsoro shi ne ka haɗa uku a lokaci guda: siffar daimon, nauyi sama da 370, da roba mafi tauri. Zaɓi biyu.

Nazifi: Malam, to batun lambobin nan fa? Yayana ya ce a shagon akwai 3K, 12K, 18K. Na ɗauka mafi yawan lamba shi ne mafi ƙarfi.

Sadik: Nan ne ake yawan ruɗar mutane. K ɗin dubu ne: 12K yana nufin zaren kabon 12,000 a kowane silin saƙa, 3K kuma 3,000. Lissafin saƙa ne, ba ma'aunin ƙarfi ba. Taurin raket ya danganta da yawan shimfiɗar da aka yi, da irin ƙaron da aka haɗa su da shi, da robar da ke ciki. Za ka iya riƙe 12K ya fi 18K tauri a hannu. Abin da kawai za ka riƙe shi ne fuskar kabon ta fi ta faiba, wato zaren gilashi, tauri. Kuma girma duk doka ta kayyade: tsawo bai wuce santimita 45.5, faɗi 26, kauri milimita 38. Cikin wannan iyakar kowa ke wasa, bambancin yana wurin da aka ajiye nauyi.

Mustafa Mile 12: Ni abu biyu zan ƙara. Na farko, in yayanka zai saya, ya sa a ɗora masa a sikeli. Kamfanoni tazara suke rubutawa, misali 360 zuwa 375, don haka raket biyu iri ɗaya a kan kanta ɗaya suna iya bambanta da giram goma ko fiye. Ya kuma saya wurin dillalin kamfani na gaskiya, jabu sun yi yawa, kama da wane ba ta wane. Na biyu, kada ka bar shi a but ɗin mota. Nawa na farko haka ya mutu, kwana uku a bayan mota cikin rana a kasuwa, da na fito da shi sautinsa ya canja, babban yatsa na lotsa fuskarsa.

Nazifi: Na auna nawa yanzu kamar yadda Malam Bashir ya taɓa nuna min. Na ɗora shi a kan yatsa har ya tsaya bai rinjaya ko'ina ba, na ari tef ɗin tela wurin Umma na auna daga gindin mariƙi. Santimita 26 ya ba ni. Na ɗora a sikelin kicin, giram 362 da naɗi ɗaya a mariƙi.

Malam Bashir: Madalla. Masu nauyin kai sosai sukan kai 27 ko su ɗara. Santimita ɗaya a takarda ba komai ba ne, a hannu kuwa bayan awa ɗaya da rabi za ka san ta. Ka nemi daimon ko ɗigon ruwa mai ɗan rinjaye sama, kusa da 365, roba mai ɗan tauri. Ƙara nauyi abu ne mai sauƙi: manna tef ɗin kariya a kai ya ja nauyin sama, ƙara naɗi a mariƙi ya dawo da shi ƙasa. Metalbone ma yana zuwa da ƴan kusoshi da ake sawa ana cirewa don wannan. Rage wa mai nauyi kuwa babu hanya.

Alhaji Kabiru: Malam Bashir, ka zagaya ka zagaya, ƙarshe dai daimon ka ambata da farko. Ni ban yarda a riƙa tsorata yaro mai ƙarfi ba. Abokan karawa suna ganin abin da ke hannunka. In sun san simash ɗinka na fita, ba sa cilla maka gajera, sai su matsa su yi ta nisa, su kai ta gilashi da kansu. Makin da tsoro ke kawowa ba ya cikin ƙirgarka.

Malam Bashir: Wannan gaskiya ne, kuma ban taɓa sa shi a lissafi ba. Amma tsoron yana nan ne muddin dukan na shiga. Ka zubar da biyu a raga, tsoron ya koma gefenka.

Dakta Zainab: Nazifi, ko wanne ka zaɓa, kada ka shiga gasa da shi a makon farko. Rabin awa da sabon, ka koma tsohon. In ka wayi gari murɗa hannun ƙofa na yi maka zafi a wajen gwiwar hannu, ajiye shi, ka zo a duba.

Alhaji Kabiru: Gani ya kori ji. Nazifi, Asabar bayan La'asar zan ba ka nawa, 372 ne. Sadik ya kawo ɗigon ruwansa. Ni zan kawo sababbin ƙwallaye, don kada a ɗora wa raket laifin ƙwallon da ta mutu.

Malam Bashir: Na yarda, da sharaɗi ɗaya. Ba minti goman farko za mu duba ba. Sai ya buga set biyu cur da kowanne, rana daban-daban, ni kuma ina bayan gilashi da takarda. A set na uku zan fara ƙirga: wanda ya kashe, da wanda ya zubar.

Nazifi: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na ce wa Yaya ya dakata har Litinin ta sama.

Usman Obalende: Malam, ka ƙara layi ɗaya a takardar. Washegari da asuba ka kira shi ka tambaye shi yadda hannun ya kwana.