Hoto guda cikin fim: mi kunka taɓa gani a ciki?

Mai ɗaukar biki, Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Fim na gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa, shi ya sa ido ba ya samun zama kan ko ɗaya. Wanda ya taɓa tsayar da fim ya ƙura wa hoto guda ido, ya ba mu labari. Ni tsayin kyamara ne ke ɗauke mani hankali. In na ɗauki uban amarya ina tsaye shina zaune, sai ya fito ƙanƙani, kamar wanda anka zo yi wa jaje. In na durƙusa na ɗauko shi daga ƙasa, rawaninsa ya cika saman hoton, sai ka ga dattijo mai faɗa a ji.

Malamar makaranta, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam Malam. Ni wani fim ɗin Hausa na tsayar wurin da amarya ta shiga gaida uwar miji. Tsohuwar na kan kujera a tsakiya. Yarinyar na durƙushe bakin ƙofa, ko tabarma ba ta hau ba, gefen hoton ma ya yanke mata kafaɗa. Tsakaninsu ga kwanon abincin da ta kawo, a rufe, ba a jawo shi ba. Sunkuyar da kai bai dame ni ba, wannan kunya ce, kowace amarya na yi. Kwanon ne ya faɗa mani ba a karɓe ta ba, tun kafin su buɗe baki. Duk macen da ta zauna gidan yawa ta san wanga kwano.

Ɗalibi, Jami'ar Danfodiyo: Gaskiya ne Malama. Amma fuska ita kaɗai tana yaudara. A Rasha, wani mai shirya fim, Lev Kuleshov, ya haɗa hoton fuskar mutum guda da kwanon miya, sannan da gawa cikin akwati, sannan da wata mata. Masu kallo sunka ga yunwa, baƙin ciki da so, alhali fuskar ba ta canza ba. Na gwada da hoton ƙanena a waya, 'yan ajinmu ma haka sunka yi.

Tela, Tudun Wada: Ni tufa nake dubawa. An ce mutum manomi ne da bashi ya kama, amma rigarsa da karin guga, hula sabuwa fil, wuyan riga babu ko alamar gumi. Nan take na daina yarda da shi. Daraktoci ku ji tsoron Allah, ku tsufar da kaya!

Mai ɗaukar biki, Mabera: Ka faɗi gaskiya Maigida. Ku ƙara da haske. Ka zaunar da mutum a zaure, hasken ƙofa ya bugi rabin fuskarsa, rabi na duhu, mai kallo zai fara zargin yana ɓoye wani abu. Malama, ki sake duba hoton nan ki gaya mana: tsohuwar haske ya faɗa wa, ko amaryar?