Ƙanena na son karatun gogen Turawa, Baba ya ƙi

Abban Sadiq, Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan ƙanena, shekararsa 18. A Jos ya yi sakandare wajen kawunmu, can ya koyi biyolin, gogen Turawan nan mai tsirkiya huɗu da ake ɗorawa a kafaɗa. Kiɗan da ake karantawa a takarda yake yi. Tun da ya dawo Katsina ba shi da malami sai YouTube. Kullum bayan la'asar sai ya kulle ɗaki, har kan yatsunsa na hagu ya yi kanta. So yake ya tafi Legas karatun kiɗa. Baba ya ce goge dai goge ne, ba a gidansa ba, ya cike JAMB ya nemi jami'ar Umaru Musa. Ni na ga yaron da baiwa, amma ana cin abinci da wannan kuwa?

Malam Sada:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, fara da Baba. Mu dattawa da mun ji goge, bori da gidan magajiya ke zo mana a rai, tsoronsa ke nan. Kada ku yi ja-in-ja da shi. Kawun da ya riƙe yaron shi ya kamata ya zo da ƙafarsa ya yi bayani. Kuma kada yaro ya tafi ko'ina ba da yardar mahaifinsa ba.

Injiniya Bala, Legas:
Abban Sadiq, wurin da yake nufi MUSON ne, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya mai makarantar koyon kiɗa a Onikan. An kafa ƙungiyar a 1983, suna da difloma ta shekara biyu, gidauniyar MTN na ɗaukar nauyin ɗalibai, amma sai an saurari kiɗanka an zaɓe ka. Kafin nan ya nemi jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, mataki 1 zuwa 8. Ba ya wuce mataki na 5 a aikace sai ya ci jarrabawar ƙa'idojin kiɗa ta wannan matakin. Inda nake ji masa shi ne rashin malami. Bidiyo ba ya ganin yadda ya riƙe bakan gogen ko yadda kafaɗarsa ta sandare, kuma in hannu ya saba da karkace, gyaransa wuya. Gaskiya kuma, manyan masu kaɗa biyolin su kaɗai a gaban taro galibi tun ba su kai shekara goma ba suka fara. Abincin yawancinsu a nan koyarwa ce a makarantun kuɗi, da bukukuwa, da shiga ƙungiyar makaɗa. Ana rufin asiri, ba a yin kuɗi da wuri.

Maman Ikram:
In digiri Baba ke so, ai jami'ar Nsukka na da sashen kiɗa. Ku gaya masa wannan ma.

Ɗanladi, Daura:
Yallaɓai, ni gidan masu goge na tashi. Ka ce masa ya yi hattara da hunturu, itace na tsagewa, maɗaurin tsirkiya na sakewa. Ya riƙa mayar da gogen akwati da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin roba mai huji, kada soson ya taɓa itacen. In ya gama ya sassauta izgar bakan, ya goge ƙurar ƙaron da ake shafa wa izgar.

Abban Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau zan kira Kawu. Injiniya, ko ka san malami a Abuja ko Kaduna da zai riƙa ganinsa ko da sau ɗaya a wata ne, kuma nawa suke karɓa?